Kai tsaye, a kaikaice, da ɗafa-goshin da ke yaudarar mutane

Wani ɗalibi daga Zariya ya tambaya: Malam, daga ina Turawa suka samo kalmar indirect, kuma me ya sa wani lokaci sai a ga in-, wani lokaci im- ko il-?

Daga Latin ne. Directus na nufin abin da aka miƙar, kuma daga tushen nan ne aka samo daraktan da 'yan fim ɗinmu ke ta kira. Aka maƙala masa in- a farkonsa, wato ɗafa-goshi mai kore ma'ana, ya koma abin da bai miƙe ba. Sauyin da ka gani kuwa naso ne kawai: n ɗin yana rikiɗa ya bi baƙin da ke gabansa, shi ya sa ake da impossible, illegal da irregular. Mu ma haka muke yi, har da ta zama had da a bakin mai sauri, Basakkwace kuma ya ce rigas sarki. Shi kuwa un-, wanda shi ma ke kore ma'ana, ɗan gida ne a Ingilishi, yana nan tun kafin Normandawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066 su kwararo da kalmomin Faransanci. Har yau kishiyoyin suna zaune gida ɗaya: unjust amma injustice, unable amma inability.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai gabatar da shiri a rediyo ya buɗe baki ya ce wai "ya zage ni indairekli". Ina a kaikaice ta tafi? Ina a fakaice? Mu da muke da habaici da shaguɓe da zambo, kowanne da irin zafinsa, mu ne za mu je aron kalmar kewaye-kewaye?

Wata daga Maraɗi: Hannunka mai sanda da gugar zana ɗaya ne?

A'a. Na farko mai ƙaunarka ne ke ankarar da kai, na biyu so ake ka ji ciwo.

Wani direban tanka: An rubuta Highly Inflammable a motata, yarona ya ce ma'anarsa ba ta kama wuta.

Maza ka gyara masa kafin ya kunna sigari a gindin motar. Wannan in- ɗin daban ne, na "ciki" ne, daga inflammare, wato cinna wuta. Wanda ba ya kamawa shi ne non-flammable.