Kada a sayar da filin Rigasa: abin da 2015 ta yi wa garin ƙarfe

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma ga hoton takardar gurbin karatu da Jami'ar Teesside da ke garin Middlesbrough a Ingila ta aiko maka. Allah ya sanya albarka. Na yi murna ƙwarai, domin na san wahalar da Yaya ta sha a kanku tun rasuwar mahaifinku. Sai dai akwai wuri guda a cikin saƙon da ya tayar mini da hankali, inda ka ce ka bincika ka ga Middlesbrough garin ƙarfe ne, kai kuma fannin sarrafa ƙarfe ka karanta a Zariya, don haka za a sayar da filin Rigasa a biya kashin farko na kuɗin makaranta, ragowar kuma ka biya da aikin da za ka samu a masana'anta idan ka iso. Ka ce abokanka biyu ma lissafinsu ke nan. Shi ya sa na zauna na rubuto da tsawo, ka nuna musu su ma.

Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne, labarin jiya ne. Ƙarfe ne ya haifi garin nan. Kafin layin dogo na Stockton da Darlington ya iso bakin kogin Tees a 1830, gona ce kawai a wurin da 'yan gidaje. A 1850 aka gano dutsen tama a tsaunukan Eston, kamfanin Bolckow da Vaughan ya kafa tanderu, mutane suka yi ta kwararowa daga Ailan da Wales da sauran sassa. Kamfanin Dorman Long na garin nan shi ya gina gadar kogin Tyne a 1928, shi ya gina babbar gadar Sydney ta Ostireliya da aka buɗe a 1932. Har gobe idan ka zauna da dattijon garin, ba za ku tashi ba sai ya gaya maka wannan.

Amma garin da za ka sauka a cikinsa, shekarar 2015 ce ta yi shi, kuma ina nan aka yi komai.

A Redcar, bakin teku, 'yar tafiya kaɗan daga Middlesbrough, akwai wata ƙatuwar tanderun narka tama da aka kunna a 1979, tana cikin mafiya girma a Turai. Ita ce ta rage daga cikin ɗimbin tanderun da suka taɓa cika bakin kogin. An taɓa dakatar da ita a farkon 2010, lokacin tana hannun Corus na kamfanin Tata na Indiya, mutane suka fidda rai. Sai wani kamfanin ƙasar Tailan mai suna SSI ya saye ta a 2011, aka sake hura mata wuta a watan Afrilun 2012. Ka ga murna a lokacin kamar sallah. Waɗanda suka tafi neman aiki wasu garuruwa suka dawo, matasa suka karɓi bashin sayen gida, domin albashin ƙarfe albashi ne da mutum ɗaya zai riƙe iyali da shi. Allunan ƙarfen da ake zubawa, jirgin ruwa ke kwasa ya kai Tailan a murza su a can.

Shekara uku aka yi ana haka. Sin ta gina masana'antun da suka fi ƙarfin buƙatarta, gine-ginenta suka ja baya, sai ta malalo rarar ƙarfenta kasuwar duniya da arha. Farashi ya faɗi warwas, ga tsadar wutar lantarki a Birtaniya, ga bashi ya yi wa SSI katutu. Ran 18 ga Satumba 2015 aka ce an tsayar da aiki na ɗan lokaci. Ran 28 ga wata aka ce mutum 1,700 za su rasa aikinsu. Ran 2 ga Oktoba kamfanin ya karye, aka miƙa shi ga jami'in da zai sayar da kadarori. Ran 12 ga Oktoba aka sanar cewa babu mai saye, za a kashe murahun gasa kwal da ita tanderun kanta.

Kai da ka karanta fannin ka fi ni sanin ma'anar wannan. Murhun gasa kwal ba injin niƙa ba ne da za a kashe yau a kunna gobe. Da zarar ya huce, tubalin cikinsa ya tsattsage, shi ke nan. Shi ya sa ma'aikata ba albashi kaɗai suke roƙo ba a waɗancan makonni, cewa suke a bar wutar tana ci ko da kaɗan ne har Allah ya kawo mai saye. 'Yar majalisar Redcar, Anna Turley, wadda a watan Mayun shekarar aka zaɓe ta, ta yi ta faɗa a majalisa. Mutane suka yi gangami a bakin teku da fitilu a hannu, 'yan kallon ƙwallo suka ɗaga alluna a filin Riverside. Gwamnatin David Cameron ta ce dokokin Tarayyar Turai sun hana ta tallafa wa kamfanin ƙarfe da kuɗin jama'a. Mutanen nan suka ce ai Italiya ma tana cikin Tarayyar, kuma ta sa hannu a masana'antar Ilva ta Taranto. Abin da aka bayar shi ne alkawarin fam miliyan 80 na rage raɗaɗi, daga baya ta bayyana cewa kuɗin sallamar ma'aikata ma a ciki yake. Abin da ya ƙara ƙona musu rai, mako guda bayan sanarwar kashe tanderun sai ga shugaban Sin, Xi Jinping, ya zo ziyara Landan, aka ɗauke shi a keken doki na zinariya zuwa fadar Sarauniya, a daidai ranakun da Tata ke sanar da rage ma'aikata 1,200 a Scunthorpe da Sukotlan.

Fiye da mutum 2,000 ne suka fita daga ƙofar masana'antar, ban da 'yan kwangila da direbobi da masu sayar da abinci da suka dogara da ita. Sana'ar da aka yi shekara 170 ana gadonta ta ƙare cikin wata guda.

Akwai wani maƙwabcina a lokacin, tun yana saurayi yake aiki a gaban tanderun, haka ubansa, haka kakansa. Bayan hannunsa duk tabon tartsatsi ne, ƙanana farare. Bayan rufewar ya shiga kwas ɗin da aka shirya musu, aka koya masa rubuta takardar neman aiki, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ƙarshenta ya samu tuƙin motar kai kaya gida-gida, kan kuɗin da bai kai rabin na da ba. Bai taɓa yi mini ƙorafin kuɗin ba. Abin da ya fi faɗa shi ne da can idan ya fito da dare yakan ga samaniya ta yi ja ta wajen teku, ya san abokansa na kan aiki, yanzu kuwa duhu ne kawai. Ran 23 ga Nuwamba 2022 da aka sa nakiya aka rushe tanderun, jama'a sun taru a kan yashin bakin teku suna kallo, shi ya ƙi zuwa.

Ba sai na yi maka dogon bayani ba, tunda a Kaduna ka tashi. Ka san yadda Kakuri ta koma bayan masaƙar KTL ta tsaya a 2002, UNTL kuma ta rufe a 2007. Ka san dattawan da suka mutu suna jiran haƙƙinsu. Bambancin kawai, a nan akwai ɗan tallafin gwamnati da asibiti kyauta, yunwa ba ta kashe mutum a fili. Amma karayar zuciyar iri ɗaya ce. Idan ka hau jirgin ƙasa daga Middlesbrough zuwa Saltburn, za ka bi ta tsakiyar filin, ka wuce wata 'yar tasha da aka yi don ma'aikatan ƙarfe. A shekarar 2017 zuwa 2018 fasinja 40 kacal aka ƙirga a cikinta, babu tashar da ta kai ta rashin mutane a duk Birtaniya, daga baya jirgi ya daina tsayawa.

Ina so ka riƙe wannan labari saboda dalili biyu. Na farko zaman lafiyarka da mutanen gari. A ƙuri'ar 2016, kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe a Redcar da Middlesbrough sun zaɓi a fita daga Tarayyar Turai. A 2019 Redcar, wadda ba ta taɓa zaɓen jam'iyyar Conservative ba, ta juya mata. Wasu 'yan'uwanmu da ke zuwa karatu suna ganin matasa zaune da rana tsaka a unguwanni irin su Grangetown da South Bank, sai su ce Turawan nan malalata ne. Kada bakinka ya saba da wannan magana. Jikokin waɗanda suka gina gadar Sydney ne, aka ƙwace musu sana'a ba tare da an tambaye su ba. Ba kuma zan ɓoye maka ba, ɓacin ran yakan sauka a kan baƙo. Ran 4 ga Agusta 2024 an yi tarzoma a tsakiyar Middlesbrough, aka farfasa tagogin gidaje da motoci a unguwannin da baƙi suka fi yawa, muka yini a kulle muna kiran juna a waya. Washegari da sassafe kuma 'yan garin ne suka fito da tsintsiya suna share titi tare da mu. Duka biyun gaskiya ne, kuma da duka biyun za ka zauna.

Na biyu shi ne lissafinka. Ba a narka tama a yankin nan na Teesside yanzu. Akwai sauran injin murza ƙarfen gini a Lackenby da wani a Skinningrove, amma ba wuraren da ɗalibi zai shiga ya yi aikin wucin gadi ba ne, kuma ƙwararrun da suka rasa aiki suna gabanka a layi. A ƙasar ma baki ɗaya, Port Talbot ta kashe tanderunta na ƙarshe a Satumbar 2024, na Scunthorpe kuwa sai da gwamnati ta karɓe ragamarsu a Afrilun 2025 don kada su mutu. Tsohon filin Redcar yanzu Teesworks ake kiransa, wani kamfanin Koriya ta Kudu mai suna SeAH ya kafa masana'antar ƙera ginshiƙan injinan iska da ake kafawa a teku, akwai kuma masana'antun sinadarai a Wilton da Billingham, inda ni ma nake cin abincina. Can ake buƙatar wanda ya san walda, da tsatsa, da gwajin ingancin ƙarfe. Ilminka yana da kasuwa, amma bayan ka gama ne, ba lokacin da kake karatu ba.

Lokacin karatu, biza sa'a 20 ta yarda ka yi aiki a mako. Aikin da ɗalibanmu ke samu shi ne ɗaukar kaya a rumbunan ajiya, da wanke-wanke a gidajen abinci, da kula da tsofaffi, shi ma sai an yi ta nema domin masu nema sun yi yawa. A Afrilun 2025 an sa mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a sa'a. Ka ninka da 20, ka cire kuɗin ɗaki da abinci da wutar ɗumama ɗaki, wadda ba a wasa da ita a garin da iskar teku ke ratsa ƙashi, rana kuma ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba. Sai ka ɗora abin da ya rage a kan adadin da ke rubuce a takardarka. Ba zai biya ba, ɗana. Ba a taɓa biyan kuɗin makarantar nan da sa'a 20 ba.

Mun ga ƙarshen irin wannan lissafi da idonmu. Bayan an saki naira a 2023, kuɗin fam ya fi ninki biyu cikin 'yan watanni. Yaran da suka zo da kashin farko suna sa ran gida za a ciko, sai abin da iyaye suka tara ya zama rabi. A watan Mayun 2024 BBC ta ba da labarin ɗalibai 'yan Najeriya a garin nan da suka kasa biya a kan lokaci, aka tsayar da karatunsu, wasu aka ce su bar ƙasar. Mun yi karo-karo a masallaci, mun kai buhunan shinkafa, amma karo-karo ba ya biyan dubban fam. Wanda ya koma gida a haka, ba digiri, ba fili.

Ka kuma sani dokokin suna ƙara tsauri. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na kwas ba ya zuwa da iyali. Shekara biyun da ake ba wanda ya gama don neman aiki, gwamnati ta ce za ta mayar da ita wata 18 daga 2027. Kafin kamfani ya ɗauki nauyin bizarka kuma, sai albashin ya kai wani mataki mai tsawo da aka ɗaga a 2024, aka sake ɗagawa a 2025.

Ban ce kada ka zo ba. Garin yana da sauƙin haya idan aka kwatanta da Landan ko Manchester, akwai masallatai, akwai naman halal a Linthorpe Road da Parliament Road, ɗakina kuma a buɗe yake gare ka har ka samu naka. Abin da na ce shi ne kada ka zo da rabin kuɗi, kuma kada filin Yaya ya zama jarin caca. Ka rubuta wa jami'ar ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi, ana yi. A cikin shekarar ka nemi tallafin karatu na PTDF da na Commonwealth da Chevening, ka tuna Chevening tana son shekara biyu ta aiki, saboda haka ko ƙaramin aiki ne a wata masana'anta a Kaduna ko Legas ka kama shi. Idan da hali ka yi kwas ɗin duba ingancin walda, takardarsa tana da daraja a nan da can. Ka sake duba kwas ɗin da ka zaɓa, ka karkata wajen tsatsa da kayan makamashi maimakon narka tama.

Ka turo mini sakamakonka na Zariya da jerin darussan kwas ɗin, zan nuna wa wani injiniya da muke aiki tare ya faɗa mana gaskiya. Maganar fili kuma ka bar ta a hannuna, zan kira Yaya ranar Juma'a bayan an sauko, in Allah ya kai mu. Ka gaishe ta, ka gaida ƙannenka.

Kawunka.