Likita, da gaske hawan jini a jinin baƙar fata yake?

Tambayoyi huɗu na ɗauko wannan makon, kuma duk sun taɓo abin da wariyar launin fata ke yi wa jikin mutum.

Tambaya: Likita, shekara 11 ina tuƙin tasi a Amurka. An gano ina da hawan jini, aka ce mini ai ciwon baƙar fata ne, a jininmu yake. Mahaifina a ƙauye ya haura 70 bai taɓa shan maganinsa ba. Yaya abin yake?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin komai, a auna Baba. Rashin shan magani ba shaidar lafiya ba ce, hawan jini ba ya sallama, kuma yanzu ya yi yawa a gida ma.

Gado yana da nasa kaso, ban musa ba. Amma kalmar "a jininku yake" ta yi gajarta ƙwarai. A 1997 Richard Cooper na Jami'ar Loyola da abokan aikinsa sun fitar da binciken da suka auna mutane sama da 10,000 masu tushe ɗaya daga Afirka ta Yamma. A Najeriya da Kamaru kimanin kashi 16 cikin ɗari ke da hawan jini, a tsibiran Karibiyan kashi 26, a Amurka kuwa kashi 33. Tsatso ɗaya, ciwo ya ninka. Ƙiba da yawan gishiri sun bayyana wani kaso babba na wannan tazara. To amma wa ke zaɓar wa mutum unguwar da zai zauna, da kantin da ke kusa da shi, da aikin da zai samu? A nan masana zamantakewa suka shigo. David Williams na Jami'ar Harvard ya daɗe yana nuna yadda killace baƙaƙen fata a unguwanni marasa galihu ke jawo cuta, kuma shi ya tsara jerin tambayoyin da ake auna wulaƙancin yau da kullum da su: sau nawa ake yi maka kallon marar wayo, sau nawa ake nuna ana tsoronka, sau nawa ake ba ka hidimar da ba ta kai ta wasu ba.

Kai ka fi ni sanin wannan. Fasinja ya leƙo ya ga fuskarka ya ja da baya. Motar 'yan sanda ta biyo ka, ka damƙe sitiyari, bakinka ya bushe, alhali ba ka yi komai ba. A lokacin jiki yana sakin sinadaran faɗa ko gudu, adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin jini su tsuke. Allah ya yi wannan tsari don haɗarin minti biyar. Idan ya zama na kullum, shekara da shekaru, sai jijiyoyin su yi tauri, barci ya lalace, sukari ya hau. A 1992 Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ta kira abin da suna mai ma'anar zaizaya. Ka tuna katangar laka da ba a yi mata yaɓe ba. Ruwan dare ɗaya ba ya kayar da ita, damina bayan damina ke cinye ta.

Wannan bayani ba ya maye gurbin magani. Ka sha ƙwayarka kullum ko da kana jin garau. Ka sayi na'urar awo ta damtse, ka riƙa rubuta lambobin safe da yamma kana kai wa likitanka. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma dunƙulen miya yana cikin lissafin. Ka riƙa fita daga motar kana taka ƙasa. Zaman da kake yi da 'yan uwa bayan sallar Juma'a ma kada ka raina shi, wanda ke da wurin sauke damuwa jikinsa yana samun sarari.

Tambaya: Ina da cikin wata shida, muna zaune a Ingila. Na ji an ce baƙaƙen mata sun fi mutuwa wurin haihuwa a nan, hankalina ya tashi.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Abin da kika ji gaskiya ne. Rahotannin da ake tattarawa a Jami'ar Oxford sun nuna a wasu shekarun haɗarin ya ninka na farar mace sau huɗu zuwa biyar. Ya sauka daga baya, amma giɓin yana nan. A Amurka kusan ninki uku ne. Sai dai ki riƙe cewa ana lissafin ne a cikin haihuwa 100,000, kuma mafi yawan mata ƙwarai suna komawa gida da jaririnsu lafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rashin saurare. A 2017 Serena Williams, baƙar fatar Amurka shahararriyar 'yar wasan tanis, da duk kuɗinta da sunanta, ta ji numfashinta yana sarƙewa washegarin tiyatar haihuwa. Ta san tana da tarihin gudan jini, ta nemi a yi mata hoton ƙirji, aka fara ɗauka maganin ciwo ne ya ruɗa ta. Da aka yi hoton, sai ga gudajin jini a huhunta. A 2016 kuma wani bincike a Jami'ar Virginia ya gano kusan rabin fararen ɗaliban likitanci da sababbin likitocin da aka tambaya sun yarda da aƙalla ƙarya ɗaya game da jikin baƙar fata, kamar wai fatarmu ta fi kauri.

Mu kuma an tashe mu da kunya da dauriya, ana yaba wa macen da ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. A ɗakin haihuwa ki ajiye wannan. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, zubar jini, zazzaɓi, sarƙewar numfashi, ko raguwar motsin yaro: ki tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Ki je da maigida ko wata 'yar uwa mai baki. Idan Turanci yana ba ki wahala, tafinta haƙƙinki ne kuma kyauta. In an sallame ki hankalinki bai kwanta ba, ki nemi babbar ungozoma ko babban likita, ki ce a rubuta ƙorafinki a fayil.

Tambaya: Ni nas ce a Kano. Da gaske na'urar awon iskar jini ta yatsa tana kuskure a kan baƙar fata?

Amsa: Da gaske ne, Sista. Haske take harbawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana shanye wani ɓangarensa. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan sun duba marasa lafiyar da na'urar ta nuna iskar jininsu ta kai kashi 92 zuwa 96 cikin ɗari. A kashi 11.7 na baƙaƙen fata, ainihin iskar jininsu ta gaza 88. A fararen fata kashi 3.6 ne kawai. Ke kuwa duk majinyatanki baƙaƙe ne. Ki ci gaba da amfani da ita, amma ki ƙirga numfashi da agogo: 50 a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. Ki duba lotsawar ƙirji da launin harshe. Jan farce da yatsa mai sanyi ma suna rikita ta.

Tambaya: Mahaifina ya ƙi gwaji ya ƙi rigakafi, ya ce Turawa da baƙar fata suke gwajin magani. Yaya zan shawo kansa?

Amsa: Ɗana, kada ka fara da ce masa ƙarya ne, don tsoronsa yana da tushe. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta Amurka ta bibiyi baƙaƙen maza 399 masu ciwon tunjere a Tuskegee ta jihar Alabama, ba a gaya musu cutarsu ba, aka hana su finisilin bayan ya zama sanannen magani. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara. A Kano ma, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya shafi yara kusan 200, aka shafe shekaru ana shari'a.

Amma ka nuna masa wanda ya sake kwana a ciki. Masu bincike biyu, Alsan da Wanamaker, sun ƙiyasta cewa gudun asibitin da ya biyo bayan tonon asirin Tuskegee ya rage wa baƙaƙen maza masu shekara 45 har shekara ɗaya da rabi na tsawon rai. Dakatar da rigakafin foliyo, wato shan inna, a Kano a 2003 ma yaranmu ya nakasa.

Ka raka shi wurin likitan da ke jin Hausa, ka bar shi ya yi tambaya da bakinsa: menene sunan maganin, me yake yi, me zai faru in ban sha ba? Ba a sa mutum cikin bincike sai da yardarsa, kuma yana da ikon cewa a'a. Ku fara da awon hawan jini da na sukari, waɗanda zai ga lambarsu da idonsa.