An Rubuta Za A Cire Min Haƙori Na 48, Alhali 32 Ne A Bakin Mutum

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 23. Sati biyu ke nan dasashina na can ƙurya, ƙasa ta dama, yana kumbura, har buɗe baki yana yi min wuya. Na je asibiti aka ɗauki hoto, sai na ga an rubuta a katina za a cire haƙori na 48. Ni dai na san haƙoran babban mutum 32 ne. Kada dai katin wani aka ba ni, a je a cire min lafiyayye? Gwaggona kuma ta ce tsutsa ce, in bari ranar kasuwa ta kai ni wurin mai cirewa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ƙara sauƙi. Ki kwantar da hankalinki, katinki ne, kuma lambar ta dace da inda kike jin ciwon. Ba arba'in da takwas ake karanta ta ba, huɗu da takwas ne, kowacce da aikinta.

A tsarin da Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Duniya, FDI, ta fitar, an raba baki gida huɗu. Sama ta dama 1, sama ta hagu 2, ƙasa ta hagu 3, ƙasa ta dama 4. Damar mara lafiya ake nufi, ba ta likitan da ke fuskantarsa ba. Lamba ta biyu kuma matsayin haƙorin ce idan aka ƙirga daga tsakiya zuwa ƙurya: 1 da 2 haƙoran gaba, 3 fiƙa, 4 da 5 ƙananan turame, 6 da 7 manyan turame, 8 kuma turmin ƙarshe, wanda wasu ke kira haƙorin hankali saboda sai tsakanin shekara 17 zuwa 25 yake fitowa. Su huɗu ne: 18, 28, 38 da naki, 48.

Tsoron da kika ji na a cire wanda ba shi ba yana da tushe, domin ba tsari ɗaya ake bi a ko'ina ba. A Amurka jerawa suke yi daga 1 zuwa 32, don haka haƙorin nan naki a wurinsu 32 ne, alhali 32 a tsarin FDI ɗan haƙorin gaba ne na ƙasa ta hagu. Wasu likitocinmu kuma har yanzu suna bin tsarin Palmer, su rubuta 8 cikin wata 'yar kusurwa. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda zan yi wa aiki ya sa yatsa ya nuna min haƙorin kafin in ɗauki allura. Ke ma ki yi haka, babu likitan kirki da zai ji haushi.

Maganar Gwaggo ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji ta. Babu tsutsa a cikin haƙori. Tsohuwar magana ce, tun zamanin Babila ake yin ta, kuma an daɗe da gane ba gaskiya ba ce. Kogon haƙori ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi: suna cin ragowar sukari da ya maƙale, su fitar da tsami mai cinye haƙorin a hankali. Naki ma ba lallai kogo ne ba. Abin da kika bayyana ya fi kama da turmin da bai sami wuri ba, ya leƙo rabi, tsokar dasashi ta rufe sauran kamar murfi. Abinci na shiga ƙarƙashin murfin inda burushi da asuwaki ba sa kaiwa, wurin ya ruɓe ya tara mugunya.

To, ina tsutsar da ake nuna wa mutane take fitowa? Daga hannun mai cirewar. Wani a cikin auduga yake ɓoye ta, ya cusa a baki, ya zaro ya nuna. Wani ƙwayar tsiro yake ƙonawa ya ce a buɗe baki hayaƙi ya shiga, zafi ya fasa ƙwayar, farin zaren cikinta ya faɗa ruwa kamar tsutsa. Sai ya goga wani abu mai sa wuri ya mutu na ɗan lokaci, ciwo ya lafa, a biya shi, a tafi ana sa masa albarka. Bayan kwana uku ciwo ya dawo, a ce ai uwar tsutsar ce ba ta fita ba, a sake biya. Na ga waɗanda aka ɗiga wa ruwan batir, na ga waɗanda suka danne ƙwayar asfirin a dasashi har naman ya ƙone ya yi fari. Abin da ke ƙona min rai shi ne, masu wannan sana'a sun san ƙarya suke yi, kuma marasa hali suke cuta, waɗanda tsoron kuɗin asibiti ya kora wurinsu.

Ba kuɗin ne babbar asarar ba, kwanakin da ake ɓatawa ne. Saiwar turmin ƙasa tana kusa da ƙasan harshe da wuya. Idan mugunya ta gangara can, sai ƙasan haɓa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, harshe ya tashi ya toshe hanyar numfashi. Wannan ciwo yana kashewa, kuma ya fi saurin kama masu ciwon sukari. An sha kawo min samari majiya ƙarfi a wannan hali, kuma idan na bi labari sai in tarar an yi sati biyu ana jiran tsutsa ta gama fita.

Ke da har buɗe baki ya fara gagararki, kada ki jira ranar kasuwa. Ki koma wurin likitanki, ki sha maganin da ya rubuta har ya ƙare, ki riƙa kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi bayan kowane abinci. Ki tambaye shi ko hoton ya nuna saiwar tana kusa da jijiyar da ke bi ta cikin muƙamuƙi, domin idan aka taɓa ta leɓen ƙasa kan yi nauyi na wani lokaci, kuma haƙƙinki ne ki sani kafin a fara. Idan kuma kika ji zazzaɓi, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ko kumburin ya sauko wuya, ki tafi sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne. In da hali ki tafi tare da Gwaggo, a nuna mata hoton ta ga yadda haƙorin ya kwanta.