Fijo 504 ta juye a gareji: wa zai biya?

Barista, na kai tsohuwar Fijo 504 ta mahaifina wani gareji a Gombe domin a sabunta jikinta. Sun cire injin da ƙofofi, suka ɗaure gangar jikin a ƙarfen nan mai juyawa don yi wa ƙasanta walda. Cikin dare ta juye, rufin ya lotse. Mai garejin ya ce tsautsayi ne. Ina da haƙƙi?

Malam, Allah ya mayar da alheri. Kana da haƙƙi, kuma mai ƙarfi.

Mota ba ta juyewa a wannan ƙarfe haka kawai. Ana ɗaga ta ko a sauke ta har tsakiyar nauyinta ta daidaita da sandar juyawa, yadda duk kusurwar da aka bar ta za ta tsaya. Sannan a zura fil ɗin kulle a kawunan biyu. In an cire wani abu mai nauyi bayan saiti, sai an sake saitin. Juyewa cikin dare ba wanda ya taɓa ta alama ce cewa an yi sakaci da ɗayan waɗannan.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a ke bi a ƙarar Musulmi, mai sana'a shi ke lamunin kayan da aka bar masa a shagonsa, ko da kyauta yake aikin, sai in ya kawo shaidar cewa ba da hannunsa aka yi ɓarnar ba. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018 ma ta ce a mayar maka da kayanka ba tare da sun fi yadda ka kai su lalacewa ba. Nauyin wanke kai yana wuyansa, ba naka ba.

Kafin a taɓa komai, ɗauki hoton ƙarfen, ramukan fil da rufin. Ka sa wani mai gyaran jikin mota ya rubuta maka kuɗin gyara, ya kuma duba ko bakin ƙofofi sun karkace. Wannan ɓarnar tana iya fin ta rufi tsada, kuma ba a cika ganinta ba sai an zo mayar da ƙofa.

Fara da sulhu a gaban shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, a rubuce, da shaidu biyu. In ya ƙi, sai kotu. Ofishin 'yan sanda kam kada ka je: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya. Kuma kada ka ɗauke motar sai ya sa hannu a takardar da ta bayyana halin da take ciki.