Mai son zuwa Nunavut, ka fara tambayar inda za ka kwana

Ƙanena, na ga saƙonka, kuma ba kai ne na farko da ya turo irinsa ba. Ka ce ana neman ma'aikatan jinya a Nunavut, arewacin Kanada, ka karanta cewa Inuit, 'yan asalin yankin, suna zama gida ɗaya da iyaye da kakanni kamar mu, saboda haka za ka kama ɗaki a gidan wani, in ka zauna da gindinka ka ɗauko matarka da Hajiya. Wannan lissafin dokin rano ne. Babu ɗakin da za ka kama, masu gidan ma ɗakin suke nema.

Yankin ya samu gwamnatinsa ranar 1 ga Afrilun 1999. Garuruwa 25 ne, babu titin da ya haɗa ɗaya da ɗaya. Katako, kwano, ƙusa, duk sai jirgin ruwa ya kawo a 'yan watannin da ƙanƙara ta narke, kuma a kan turakun ƙarfe ake ɗora gida domin zafinsa kada ya narkar da daskararriyar ƙasa. Shi ya sa gini ke tafiyar hawainiya, haihuwa kuwa ta fi ta ko'ina a Kanada. Ƙidayar 2016 ta nuna fiye da rabin Inuit na Nunavut a cunkushe suke. A 2022 gwamnati ta yi alkawarin gidaje 3,000 kafin 2030.

Ɗan shekara 18 zuwa 24 galibi yana gidan iyayensa, sau da yawa da ɗansa a hannu, uwar ɗan ma tana nan. Kada ka tambayi ranar ɗaurin aure: fiye da rabin masu zaman miji da mata a yankin ba su yi rajistar aure ba, kuma ba abin gori ba ne a wurinsu. Ka riƙe bakinka, wa'azi ba shi ya kai ka ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne 'yan 25 zuwa 44. Mutum ya rubuta sunansa a ofishin gidaje na garinsu, ana ba shi maki gwargwadon yawan 'ya'ya da tsananin matsi, ya shekara da shekaru yana jira. Shi da matarsa da yara uku a ɗaki guda cikin gidan surukai. Gwauro shi ne a ƙarshen layi, yau kujerar falon goggonsa, gobe gidan aboki. Da wuya ka ga mai kwana a bakin titi, sanyin da ke kai awo 30 ƙasa da sifili ba ya barin haka, don haka rashin matsuguni a cikin gidajen mutane yake ɓuya. Kar ka haɗa wannan da gidan gandu. Namu akwai tsakar gida, in yaro ya yi aure a yanka masa sashe a ja katanga. Can gidan gwamnati ne mai ɗaki biyu ko uku, ba ka da ikon ƙara ko zaure.

Masu shekara 45 zuwa sama su ne yawanci takardar haya ke ɗauke da sunansu, hayar kuma da kuɗin shiga ake auna ta, mafi ƙanƙanta dalar Kanada 60 a wata. A hannunsu jikoki suke. Nan kam za ka ga gida: suna da riƙo irin namu, a ba kaka ko inna jariri ba tare da an je kotu ba, doka ta amince, yaron ya san wadda ta haife shi. Suna kuma maimaita sunan mamaci, har uwa ta riƙa kiran 'yarta "mama", kamar yadda muke cewa Ummi ko Abba. In ka ji haka a asibiti kada ka rubuta dangantaka da ka, ka tambaya wa ya haifa, wa ke riƙo, wa zai sa hannu.

Tsofaffi ana girmama su ƙwarai, amma gadajen kula da su kaɗan ne. Wanda ciwon mantuwa ya yi wa tsanani akan kai shi Ottawa, babban birnin Kanada, tafiyar kusan awa 3 a jirgin sama daga Iqaluit, babban birnin Nunavut, cikin mutanen da ba su jin Inuktitut, harshen Inuit. Dattawan garin ke nan. Hajiya fa, a ina za ka ajiye ta?

Cunkoson nan shi ne rabin aikinka. A yawancin garuruwa tanka ce ke kawo ruwa ta cika tankin gida, wata ta zo ta zuƙe na bayan gida. An auna tankin da mutum huɗu ko biyar, sai ga goma sha biyu. Ruwa ya ƙare kafin mota ta dawo, in guguwar ƙanƙara ta taso motar ma ba ta fita. Numfashi da tururin girki su jiƙa bango, funfuna ta fito, tarin fuka ya samu wurin zama. In kana bin sawun masu tari, kar ka ce "su wa ke zaune a gidan nan", za a karanto maka sunayen da ke takarda. Ka ce "su wa suka kwana nan a makon jiya", sannan ka bi gidaje biyu ko ukun da kowane saurayi ke zagayawa.

Kai kuma gidan ma'aikata ne rabonka, in akwai. Da aikin aka ɗaure shi: kwantiragi ya ƙare, ka miƙa makulli. Wani lokaci ku biyu ne da baƙon da ba ka taɓa gani ba. Kada ka sa hannu sai an rubuta maka ɗaki nawa ne, nawa za a cire a albashi, ko an yarda iyali su zauna. Ka kuma sani Nunavut ba ta da shirin zaɓen baƙi don zaman dindindin irin na lardunan Manitoba ko Alberta, kuma yarjejeniyar da aka kafa yankin a kanta ta sa Inuit a gaba wajen ɗaukar aikin gwamnati. Lasisin jinya na yankin za ka fara nema. Masallaci akwai a Iqaluit tun 2016, amma in ƙaramin gari aka tura ka, ka shirya yin sallarka a ɗaki.