Goge kyamarar duba igiyar ruwa ba tare da hawa tsani ba

Malam, ka ce kyamarar da kuka kafa can ƙololuwar gini a Obhur, bakin teku a arewacin Jidda, don duba igiyar ruwan Bahar Maliya ta yi dishi-dishi, kuma hannu ba ya kai mata. Nemi doguwar sandar nan ta masu fenti wadda ake zuƙewa, ka ɗaura mata tsumma mai laushi irin na goge tabarau. Amma kafin tsumma ya taɓa gilashin, fesa wa gilashin ruwan sha da famfon feshin lambu har ya tsiyaye, sannan ka shafa a hankali.

Abin da ya lulluɓe ta gishirin teku ne haɗe da ƙurar Jidda, sun bushe sun kama. In ka goge a bushe, yashin zai kankare gilashin, musamman idan murfin na roba ne, daga nan kuma duk la'asar da rana ta faɗo yamma sai hoton ya koma fari fat. Yi aikin bayan Asuba, kafin gilashin ya ɗau zafi. Kuma wani ya riƙe waya yana kallon hoton, don sandar na iya ture kyamarar ta koma kallon titi.