Dalilin da ya sa ake ce wa mace hafsa "sir" a wasannin yaƙin sararin samaniya

Malama, na karanta tambayarki a kan abin da ya sa sojojin da ke ƙarƙashinki a wasan kwamfuta na Star Wars: The Old Republic suke ce miki "sir" alhali mace kika zaɓa, da kuma ko wannan kuskure ne daga masu haɗa wasan. Ba kuskure ba ne, kuma na daɗe ina bibiyar lamarin, domin ni ma ya taɓa tsaya mini a rai.

Wannan wasa kamfanin BioWare ne ya fitar da shi a ƙarshen 2011, kuma lokacin da na fara shi sojan Jamhuriya, ɗaya daga ɓangarori biyu da ke yaƙi a wasan, na ɗauka, mace, kamar yadda kika yi. A duniyar farko, Ord Mantell, kina saje ne kawai, ke ce mai ƙamewa a gaban manya. Bayan sauran 'yan rundunarki, Havoc, sun ci amana sun koma wa abokan gaba, sai a ƙara miki girma zuwa laftanar, a kuma rage wa Aric Jorgan muƙami a sa shi a ƙarƙashinki, shi da ya yi ta yi miki tsawa tun daga farko. Daga nan ne kalmar take fara dukan kunne. Ƙanwata tana zaune a gefena ranar da na kai wannan wuri, da ta ji shi ya ce "sir" sai ta miƙo hannu ta nuna allon, ta ce ai wasan ya manta cewa mace ce. Ni ma haka na zata, har sai da na isa Coruscant, babban birnin Jamhuriya, na tsaya a gaban Janar Garza. Ita wannan janar ba ɗan wasa ne yake zaɓar jinsinta ba, mace ce a wurin kowa, tsohuwar soja mai furfura, amma duk da haka "sir" ake ce mata. Wannan ya nuna cewa marubutan sun yanke shawara ne cewa a rundunar Jamhuriya kalmar ta muƙami ce, ba ta namiji ba.

Al'adar kuwa ta girmi wasan da nisa, daga talabijin da sinima ta shigo. A fim ɗin Star Trek na 1982 ana kiran Laftanar Saavik, wadda mace ce, da "Mister", bisa tsohuwar al'adar sojan ruwa ta kiran ƙananan hafsoshi da wannan kalma. A 1995, a kashin farko na shirin talabijin Star Trek: Voyager, wani sabon hafsa ya ce wa Kyaftin Janeway "sir", ita kuma ta gaya masa cewa duk da ƙa'idar rundunarsu ba ta son a kira ta haka, ta fi son a kira ta da muƙaminta. Shirin talabijin Battlestar Galactica na 2004 shi ma "sir" ya bai wa hafsoshinsa mata. A rundunonin gaske na Amurka da Birtaniya kuwa ba haka ake yi ba, "ma'am" ake ce wa mace hafsa, wadda ita ce muke ji a ofisoshin Najeriya a matsayin "ma".

Ba duk wasanni ne suka bi wannan hanya ba. A Halo 2 na 2004 da Halo 3 na 2007, Kwamanda Miranda Keyes "ma'am" ce a bakin sojojinta. Wanda ya fi burge ni shi ne Mass Effect na 2007, na kamfanin BioWare ɗin dai. A duniyar Eden Prime, lokacin da soja Ashley Williams ta tsira da kyar daga hannun geth, wato injunan abokan gaba, ta iso tana haki, tambayar da take yi ita ce ko Shepard, kwamandan da ɗan wasa yake wasa da shi, ne ke jagorantar tawagar, kuma idan Shepard mace ce "ma'am" take cewa, idan namiji ne "sir". Sau biyu aka naɗi wannan jimla, saboda kalma ɗaya tak. Amma idan kika kasa kunne a sauran wasan, har zuwa na uku da ya fito a 2012, za ki tarar mafi yawan mutane "Kwamanda" ko "Shepard" suke cewa. A nan akwai batun kuɗi da lokaci, wanda ba a cika ambata ba. Duk jimlar da ta bambanta namiji da mace sai mai murya ya maimaita ta, a tace ta, a gwada ta, sannan a sake yin haka a kowane harshen da aka fassara wasan. The Old Republic yana da jimloli sama da 200,000 da aka naɗa, har ya shiga kundin Guinness saboda haka, don haka kalma ɗaya da za ta wadatar da kowa ba ƙaramin sauƙi ba ce ga masu aikin.

Na fahimci hujjar masu kare "sir", cewa a rundunar da ta wuce nuna bambanci babu buƙatar a tuna wa kowa cewa kwamandan mace ce. Sai dai hujjar ba ta gamsar da ni ba. Ban taɓa cin karo da wasan da aka ce wa janar namiji "ma'am" da sunan daidaito ba. Kullum kalmar namiji ce ake ɗaga wa daraja a ce ta kowa ce, wanda ke nufin mace ta sami girma ne ta hanyar aron rigar wani. Jennifer Hale ce ta yi muryar Shepard mace, ita ce kuma ta yi muryar sojan da kike wasa da ita, kuma a kunnena ikon da ke cikin muryarta bai ragu ko kaɗan ba a wasan da ake ce mata "ma'am". Alƙaluman da BioWare ta fitar sun nuna kashi 18 cikin ɗari ne suka zaɓi Shepard mace a Mass Effect 3, adadin ya kai kashi 32 a sabon bugun 2021, kuma waɗannan mutane sun cancanci a naɗa musu jimlarsu.

Faransanci ya bi wata hanya da 'yan'uwanmu na Nijar za su gane nan take: soja yana cewa "mon commandant" ga namiji, amma ga mace sai ya jefar da "mon" ya faɗi muƙamin kawai.

Kin kuma tambaya yadda za a yi da a ce za a fassara irin wannan wasa zuwa Hausa. Mu ba mu da maɓoya. Ko da an ce "Kwamanda", kalmar da za ta biyo baya sai ta tona, domin ko dai "kin dawo" ko "ka dawo", ko "ranki ya daɗe" ko "ranka ya daɗe". Idan ana ba da labarin Aderonke Kale, likitar da ta zama mace ta farko mai muƙamin Manjo Janar a sojan Najeriya a 1994, muƙamin ba ya canzawa, amma "ta" ce ke bin sunanta, kuma babu wanda yake jin an rage mata wani abu. Na taɓa tunanin a yi amfani da jam'in girmamawa, a ce "kun dawo lafiya" ko "ranku ya daɗe", tunda ba ya nuna jinsi, amma a tsakiyar yaƙi ɗan wasa ba zai san ko da shi kaɗai ake ba ko da tawagarsa duka. Da ni aka bai wa aikin, zan bar muƙamai yadda suke, Saje, Laftanar, Kyaftin, Manjo, sannan in sa a naɗi kowace jimla sau biyu. Ranar da Jorgan zai fara ƙamewa a gabanki bayan an ɗora ki a kansa, "ranki ya daɗe" zan sa masa a baki.